Wai shugaba mai ƙarfi ne ke jawo yaƙi ko mai rauni?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya yana cewa sun yi musu da abokansa, wasu na cewa shugabanni masu ƙarfi irin su Hitila da Saddam su ne ke jefa duniya cikin yaƙi, wasu kuma na cewa a'a, ragwayen shugabanni ne masu laifi don su suke barin azzalumi ya ga wuri ya baje, shi ne yake so a raba musu gardama.

To ɗan'uwa, tarihin yaƙe-yaƙe shi ne abin da nake koyarwa, kuma a nawa ganin shugaban da ya fi kowa haɗari shi ne wanda ya fi ƙarfin a gaya masa gaskiya amma kujerarsa ba ta da ƙarfin da zai iya ja da baya ya tsira. Abu biyu ne daban kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Akwai mai iko a kan mutanensa wanda idan ya yi tari kowa sai ya miƙe tsaye, akwai kuma wanda yake zaune daram har zai iya fitowa ya ce na fasa, ko na yarda da sulhu, gobe kuma ya tashi yana nan a kan mulkinsa da ransa. Mafi yawan waɗanda ake kira masu ƙarfi na farkon suke da shi, na biyun babu.

Ka fara da tambayar da wani malamin kimiyyar siyasa Ba'amurke James Fearon ya yi a 1995, ya ce tunda yaƙi asara ne ga kowane ɓangare, kuma ƙarshensa dai zama za a yi a raba abin da ake faɗa a kai, me ya hana a yi rabon tun farko a huta da gawarwaki? Manyan amsoshin da ya kawo su ne, na ɗaya kowa na ɓoye ainihin ƙarfinsa yana cika baki, sai lissafi ya ɓace kowane ɓangare ya ɗauka shi ne zai ci, na biyu kuma babu mai yarda cewa ɗayan zai cika alkawari idan ya ƙara ƙarfi nan gaba. Idan ka riƙe wannan za ka ga tambayar ta koma kan wane irin shugaba ne lissafinsa ya fi saurin ɓacewa, kuma wane ne maganarsa ba ta da tabbas.

Saddam ne ya fi nuna wannan ƙarara. Ya karɓi mulkin Iraƙi ranar 16 ga Yuli 1979, ko mako guda ba a cika ba, ranar 22 ga wata, ya tara manyan jam'iyyar Ba'ath a wani babban zaure a Bagadaza, ya sa aka ɗauki bidiyo, yana zaune a gefe yana zuƙar sigarinsa aka fito da wani babban jami'i ya amsa laifin haɗa baki da Siriya, sai aka fara kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya, duk wanda aka kira sai jami'an tsaro su tasa ƙeyarsa waje, mutum sama da 60 aka fitar a wannan zama, waɗanda suka rage suka miƙe suna ihun ran Saddam ya daɗe wasu har da kuka, kuma daga cikinsu aka ɗebo waɗanda suka harbe abokan nasu. Yanzu don Allah bayan wannan, wane janar ne zai shiga ofis ya ce ranka ya daɗe Iran ta ninka mu yawan jama'a kusan sau uku, wannan yaƙin ba mai ƙarewa ba ne? Babu. Ya shiga Iran a Satumba 1980 yana ganin juyin juya hali ya rikita sojojinta, 'yan makonni za a gama, sai da aka shekara 8, dubban ɗaruruwa suka mutu, iyaka kuma tana nan inda take. Ya fito da bashi har wuya, Kuwait kaɗai tana binsa kusan dala biliyan 14, ga soja kusan miliyan guda da bai san yadda zai yi da su ba, sai ya sake wani lissafin ranar 2 ga Agusta 1990 ya mamaye Kuwait ɗin, nan ma babu wanda ya iya cewa kai, Amurka fa ba za ta bari ba. Irin wannan zaman muka sake gani ranar 21 ga Fabrairu 2022 a talabijin, shugaban Rasha Putin yana can nesa a bayan tebur yana tsare shugaban hukumar leƙen asirin ƙasashen waje Naryshkin yana ce masa yi magana a fili, mutumin yana in'ina, kwana uku bayan nan tankoki suka nufi Kiyef babban birnin Yukren da tunanin abin ba zai ɗau lokaci ba. Shugaban da ya kewaye kansa da 'yan amshin shata rahoton da yake so shi ake kawo masa, kuma shi da kansa ya kashe hanyar da gaskiya za ta bi ta iso gare shi.

Wata malama Jessica Weeks ta bi wannan da alƙaluma, ta rarraba gwamnatocin kama-karya gida-gida, ta gano cewa waɗanda suke hannun mutum ɗaya tilo da kuma na sojoji sun fi saurin tsokano faɗa da maƙwabta, amma gwamnatin jam'iyya ɗaya ta farar hula inda manyan jam'iyya za su iya tsige shugaba idan ya kwafsa, ita ba ta fi ƙasashen dimokuraɗiyya yawan fara yaƙi ba. Wato abin dubawa shi ne ko akwai wasu mutane a kusa da shugaba da za su iya ce masa a'a kuma su kwana a gidajensu.

Amma fa kar kaki da gashin baki su ruɗe ka, da yawan waɗannan mazaje tsoro ne ke tura su. Janar Galtieri na Ajantina ya hau mulki a Disamba 1981, hauhawar farashi ta wuce kashi 100 cikin 100, gwamnatin sojan na da jinin dubban mutanen da ta ɓatar a hannunta, ranar 30 ga Maris 1982 'yan ƙwadago suka cika titunan babban birni ana ba ta kashi da 'yan sanda, ranar 2 ga Afrilu sai ga sojojinsa a tsibiran Falkland da Ingila ke riƙe da su, dandalin da aka zage shi kwana uku da suka wuce ya cika da masu yi masa tafi. Lissafinsa shi ne Ingila ba za ta yi tafiyar kilomita kusan 13,000 don wasu duwatsu da tumaki ba, ballantana ma ta riga ta sanar za ta janye jirgin sintirinta daga yankin. Kwana 74 aka yi, 'yan Ajantina 649 suka mutu da sojan Ingila 255, kwana uku bayan an miƙa wuya aka yi waje da shi. Idi Amin ma haka, mutumin da ya taɓa zama zakaran dambe na Yuganda, ƙato, kowa na tsoronsa, amma a 1978 sojojinsa sun fara bore tun bayan wani haɗarin mota mai ayar tambaya da mataimakinsa Mustafa Adrisi ya yi, sai a Oktoba dakarunsa suka afka yankin Kagera na Tanzaniya, har yana ƙalubalantar shugaban Tanzaniya Nyerere wai su fito su dambata a raba gardama. Nyerere malamin makaranta ne mai sanyin murya, ranar 11 ga Afrilu 1979 sojojinsa suna cikin Kampala, Amin ya tsere Libiya daga can Saudiyya inda ya mutu a 2003. Shin waɗannan biyun a wane layi za ka sa su, masu ƙarfi ko masu rauni? A waje zakuna ne, a gida kuma ƙasa na zamewa a ƙarƙashinsu. Kuma akwai dalili, shugaban da ya san idan ya sauka gida zai koma ya ci fansho ba shi da dalilin yin caca da ran ƙasa, wanda kuwa ya san saukarsa kurkuku ce ko kabari, to ko yaƙin da damar cinsa kashi 10 ce zai iya shiga, tunda ba shi da abin da zai ƙara rasawa.

To yanzu mu zo kan abokanka masu zargin ragwaye, suna da hujja, kuma babbar hujjarsu ita ce 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk da yawancinsu ba ita suke kawowa ba. An harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, wata guda cur aka yi kafin a fara harbi, kuma a cikin wannan watan sarakunan da ake ganin su ne wuƙa su ne nama sun nuna alamar ba sa son babban yaƙi amma suka kasa tsayar da mutanensu. Sarkin Jamus Wilhelm, mai yawan cika baki, shi ya ba Ostiriya tabbacin goyon baya a farkon Yuli sannan ya hau jirgin ruwansa ya tafi hutu gaɓar Nowe, da ya dawo ya karanta amsar da Sabiya ta bayar kan sharuɗɗan da Ostiriya ta gindaya mata saboda kisan yariman ranar 28 ga Yuli sai ya rubuta cewa ai babu sauran dalilin yaƙi, amma shugaban gwamnatinsa ya jinkirta saƙon ya kuma rage masa kaifi kafin ya isa Biyana babban birnin Ostiriya. Sarkin Rasha Nikolas ya amince a tara dukkan soja ranar 29, cikin dare ya soke bayan ya sami telegiram daga Wilhelm, washegari ministan harkokin waje Sazonov ya zauna a kansa har ya sake amincewa, shi kuma babban hafsan soja ya riga ya ce da zarar an ba shi umarni zai fasa wayar tarhonsa ya ɓace don kar sarki ya sake canza shawara a same shi. Ranar 1 ga Agusta Wilhelm ya ce wa Janar Moltke a fasa nufar Faransa a juya soja gabas, Moltke ya ce ranka ya daɗe ba zai yiwu ba, an riga an tsara jadawalin jiragen ƙasa na mutum miliyan, sarki ya ce da baffanka ne, wanda ya taɓa riƙe wannan muƙamin, da ba haka zai amsa min ba, magana ta ƙare a nan. Soja kusan miliyan 10 suka mutu, gidajen sarautar nan duk suka rushe, Nikolas ma da iyalinsa aka kashe shi a 1918.

Japan ta 1931 ta fi wannan muni, wasu hafsoshi masu matsakaicin muƙami suka dasa bam a layin dogo kusa da Mukden ranar 18 ga Satumba suka ɗora wa 'yan Sin, suka mamaye Mancuriya da ke arewa maso gabashin Sin, gwamnati a Tokiyo tana cewa a tsaya soja na ƙara gaba, firaministan da ya biyo baya Inukai kuma matasan hafsoshi suka bi shi har gida suka harbe a Mayu 1932. Daga nan kowane ɗan siyasa ya kama bakinsa. Irin wannan raunin na kasa riƙe masu bindiga, eh, yana jawo yaƙi sosai, ban musa ba. Sai dai ka lura ko a nan akwai waɗanda suke son yaƙin da gangan, su Conrad babban hafsan Ostiriya da ya daɗe yana naci a murƙushe Sabiya, raunin sarki ƙofa ya buɗe musu kawai.

Hujjar da aka fi kawowa kuwa ita ce ta Munik, Satumba 1938, inda Chamberlain na Ingila da Daladier na Faransa suka yanka wa Hitila wani yanki na Cekosulobakiya don a zauna lafiya, wata shida bayan nan ya haɗiye sauran ƙasar, ranar 1 ga Satumba 1939 ya shiga Polan. Gaskiya ne sun yi kuskuren karanta mutumin. Amma wanda ya shirya yaƙin ya kuma fara shi Hitila ne, idan ɓarawo ya shiga gida ana iya yi wa mai gadi faɗa kan gyangyaɗi amma ba shi ake kaiwa kotu da laifin sata ba. Abin da ya fi damuna da labarin Munik shi ne yadda aka mai da shi sandar dukan duk shugaban da ya so tattaunawa. Firaministan Ingila Anthony Eden ya kalli shugaban Masar Nasser ya ga wani sabon Musolini, ya haɗa baki da Faransa da Isra'ila suka afka wa Masar a 1956 kan mashigin Suwez, Amurka ta matse su ta hanyar kuɗi suka janye a kunyace, a Janairu 1957 ya sauka. A Oktoba 1962 da aka gano makamai masu linzami na Tarayyar Sobiyet a Kyuba, shugaban sojan saman Amurka Janar LeMay ya dubi idon Kennedy ya ce masa killace tsibirin da yake son yi kusan daidai yake da abin da aka yi a Munik, a kai hari kawai. Kennedy ya ƙi. Sai bayan shekara 30 aka tabbatar cewa sojan Sobiyet da ke tsibirin sun haura 40,000, ninkin abin da Amurka ta zata sau da yawa, kuma suna da ƙananan makaman nukiliya na fagen daga da Amurka ba ta san da su ba. An kashe wutar ne da shugaban Sobiyet Khrushchev ya kwashe makamansa, Kennedy kuma ya yi alkawari a ɓoye zai cire nasa daga Turkiyya. Da ya ji tsoron a kira shi rago a wannan ɗakin, Allah kaɗai ya san inda duniya za ta kasance.

Wannan shi ya kawo ni kan abin da masu musun nan ba sa dubawa, wato wa ke iya tsayar da yaƙi. Faransa ta yi gwamnatoci sama da 20 tsakanin 1946 da 1958, kuma daga 1954 da yaƙin Aljeriya ya ɓarke babu ɗaya da ta iya kashe shi, Guy Mollet ya hau mulki da niyyar sulhu, ya je Aljiyas a Fabrairu 1956 Turawan da ke zaune can suka jefe shi da tumatir, ya dawo ya ƙara tura soja. Sai da De Gaulle ya zo, janar wanda babu mai iya ce masa matsoraci, gwamnatinsa ce ta sa hannu a yarjejeniyar Evian da ta tsayar da yaƙin a Maris 1962 bayan ya murƙushe boren janar-janar ɗinsa a 1961, kuma a Agusta 1962 aka yi wa motarsa ruwan harsashi ya tsira da kyar. Sadat na Masar sai da ya tsallaka Suwez a 1973 kafin ya sami fuskar zuwa Ƙudus a 1977, kuma duk da haka ransa ya biya a 1981. Kotun duniya ta ba Kamaru yankin Bakassi a Oktoba 2002, Najeriya ta fi ta soja nesa ba kusa ba, majalisa da jaridu suna ta kumfar baki, Obasanjo ya sa hannu a yarjejeniyar Greentree a 2006 aka kammala miƙawa a 2008, ka so shi ko ka ƙi shi, shugaban da ke tsoron inuwarsa ba zai iya haɗiye wannan ba. Tun da can ma, Sayyidina Hasan yana da dubban mayaƙa a bayansa ya sauka ya bar wa Mu'awiya a shekara ta 41 bayan hijira don jinin Musulmi ya tsaya, wasu daga cikin mutanensa suka yi ta gaya masa baƙaƙen maganganu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, amma sai mai tsayin da zai iya miƙewa ne ke iya yi.

Kar kuma wani ya ɗauka zaɓe da majalisa rigakafi ne. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 farin jinin shugaban Amurka Bush ya kai kusan kashi 90, majalisar dattawa ta ba shi izinin yaƙin Iraƙi da ƙuri'a 77 da 23 a Oktoba 2002, babban hafsan sojan ƙasa Shinseki ya ce riƙe ƙasar zai ci soja dubu ɗari da yawa, manyan Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, suka fito suka ƙaryata shi a bainar jama'a, makaman ƙare dangin da aka kafa hujja da su kuma ba a same su ba. Birkin yana nan, tsoro da fushi ne suka sa aka ƙi taka shi, na ɗan wani lokaci Bush ya zama mutumin da ba a iya ce wa a'a.

Duk wannan maganar yaƙi tsakanin ƙasa da ƙasa ce, alhali tun daga 1945 mafi yawan yaƙe-yaƙen duniya na basasa ne, kuma su kam bincike ya nuna sun fi ɓarkewa inda gwamnati ba ta da ƙarfi, ba ta iya biyan soja, ba ta iya isa ƙauyuka da duwatsu. A nan ne masu cewa rauni ne matsala suke ganin sun ci gardama, ni kuma sai in tambaye su wa ya raunana gwamnatin. Siyad Barre ya shekara 21 yana mulkin Somaliya da ƙarfe, ya shiga yankin Ogaden na Habasha a 1977 ya sha kashi da Sobiyet ta juya masa baya ta koma wajen Habasha, ya dawo yana haɗa ƙabilu faɗa don ya zauna, ya yi wa birnin Hargeisa na ƙasarsa luguden bama-bamai a 1988, da ya gudu a Janairu 1991 babu wata hukuma da ta rage a tsaye. Mai mulkin kama-karya yana tsoron sojansa fiye da abokin gaba, shi ya sa yake raba su, ya kafa wata runduna ta tsare shi daga wata. Abin da Umar al-Bashir na Sudan ya yi kenan a 2013 da ya ɗebo mayaƙan Janjawid na Darfur ya mai da su rundunar RSF a ƙarƙashin Hemedti, ya bar su da ma'adinan zinare da hanyoyin kuɗinsu na kansu. An kifar da shi a Afrilu 2019, aka kawo Hamdok masanin tattalin arziki ya zama firaminista, mutane suna ta cewa ba shi da kuzari, to da me zai yi kuzarin, mutumin da ko bindiga ɗaya ba ta amsa umarninsa? Shugaban soja Burhan da Hemedti suka haɗu suka ture shi a Oktoba 2021, sannan suka zauna kan batun narkar da RSF cikin soja, soja suka ce shekara 2, Hemedti ya ce 10, ranar 15 ga Afrilu 2023 aka wayi gari ana harbi a tsakiyar Khartum, mutum sama da miliyan 10 suka bar gidajensu. Wanda ya ƙera rundunonin biyu ya ajiye su a gari ɗaya shi ne mutumin da ya yi shekara 30 ana kiransa mai ƙarfi.